Fasfon tsibiri: Abin da dala 200,000 ke saya wa ɗan kasuwar Kaduna, da abin da ba ta saya masa

A daidai lokacin da hunturu ya lulluɓe Kaduna da ƙura, har mai tsaye a Kawo ba ya hango ƙarshen gadar sama sosai, hoton da ke faɗowa a wayar ɗan kasuwa na wata duniya ne dabam: teku shuɗi garau, farin yashi, itatuwan kwakwa sun sunkuya, ga duwatsu kore shar a bayansu. A ƙarƙashin hoton akwai alkawari a taƙaice, wai fasfo na biyu cikin 'yan watanni, shiga ƙasashe sama da 140 ba tare da biza ba, kuma ba lallai ne mutum ya taka ƙafarsa a tsibirin ba. Tallar dillalan takardun zama ɗan ƙasa ke nan. Ofisoshinsu suna Legas da Abuja da Dubai, amma ƙugiyarsu tana isa har rumfunan Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi da falukan Unguwar Rimi da Malali.

Ranar 16 ga Disamban 2025 Shugaban Amurka Donald Trump ya sa hannu a kan wata sanarwa da ta taƙaita ba da biza ga 'yan ƙasashe da dama, daga ranar 1 ga Janairun 2026. Sunan Najeriya yana ciki, kuma shi jaridun gida suka fi mayar da hankali a kai. Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, a jeri guda da Najeriya akwai Antigua da Barbuda, akwai kuma Dominika, wato biyu daga cikin ƙasashe biyar na yankin Karebiyan da ke sayar da fasfo. Laifin da aka ɗora musu shi ne suna mai da mutum ɗan ƙasa don kuɗinsa ba tare da ya zauna a cikinsu ba. Ɗan Najeriyar da ya zuba dukiyarsa a ɗaya daga cikin waɗannan biyu don ya huta da wahalar koren fasfo, ya wayi gari fasfunansa duka biyu suna cikin takarda ɗaya a teburin jami'in ofishin jakadancin Amurka. An yi gudun gara, an faɗa gidan zago.

Ba tsibirin ake saya ba

Kafin a zargi mai saye da son burga, ya kamata a dubi abin da ya tura shi. Ɗan kasuwar da ke shigo da atamfa da leshi, ko kayan gyaran mota, ko kayan lantarki, rayuwarsa ta dogara ne da iya tashi a ranar da ciniki ya kira shi. Daga watan Oktoban 2022 zuwa Yulin 2024 Hadaddiyar Daular Larabawa ta rufe ƙofar biza ga 'yan Najeriya, kuma duk wanda Dubai ce kasuwarsa ya san asarar da aka tafka a waɗannan watanni. Masu neman bizar ƙasashen Turai na yankin Schengen daga Najeriya, sama da kashi 40 cikin 100 ake hana su, kuma kuɗin neman, Yuro 90, ba a mayar da shi. A watan Yulin 2025 Amurka ta rage yawancin bizar ziyara da take bai wa 'yan Najeriya zuwa shiga sau ɗaya cikin wata uku. Koren fasfo bai kai mai shi ƙasashe 50 ba tare da neman biza tun daga gida ba, kuma mafi yawansu a Afirka suke. Mutumin da ke juya miliyoyin daloli a shekara, amma sai ya hau jirgin ƙasa daga Rigasa ya je Abuja ya tsaya a layi da takardun banki a hannu, sannan bayan makonni a ce masa ba a gamsu zai dawo gida ba, ba abin mamaki ba ne idan ya saurari dillali.

Sai dai akwai wani abu da ke nuna ainihin abin da ake ciniki a kansa. Mai koren fasfo yana iya shiga Dominika da Barbados ba tare da biza ba. Wato wanda burinsa shi ne ya ga koguna da dazuzzukan Dominika, ko ya yi 'yan watanni a can, ba ya bukatar sayen komai sai tikitin jirgi. Dala 200,000 ɗin da ake biya kuɗin shiga Faris da Milan da Landan da Guangzhou ne. Tsibirin kansa hoton bangon littafi ne kawai. Kuma a nan matsalar take: mai sayarwa yana tallar ƙofofin da makullansu ba a hannunsa suke ba.

Ƙasar Saint Kitts da Nevis ce ta fara wannan kasuwanci a 1984, shekara guda bayan ta sami 'yancin kai daga Birtaniya. Dominika ta biyo baya a 1993, Antigua da Grenada a 2013, sannan Saint Lucia ta yi dokarta a 2015. Hanyoyin biyu ne. Ko dai mutum ya ba asusun gwamnati gudummawar da ba za ta dawo ba, ko ya sayi hannun jari a wani otal ko rukunin gidaje da gwamnati ta amince da shi, ya riƙe na shekaru uku zuwa bakwai gwargwadon dokar ƙasar. Har zuwa tsakiyar 2024 ana samun fasfon Dominika ko Saint Lucia ko Antigua a kan gudummawar dala 100,000. Bayan matsin lamba daga Amurka da Turai, ƙasashen suka amince a tsakaninsu cewa kada kowa ya sayar a ƙasa da dala 200,000. Yanzu Dominika tana kan 200,000, Antigua 230,000, Grenada 235,000, Saint Lucia 240,000, Saint Kitts kuwa 250,000. Wannan ban da kuɗin bincike, da na takardu, da ladan dillali.

Idan aka mai da shi Naira, nauyin ya fi fitowa fili. A ƙarshen 2022, lokacin da dala take wajen Naira 700 a hannun 'yan canji, fasfo mafi araha yana kamawa kusan Naira miliyan 70. Yau, ko da an yi lissafi a kan Naira 1,400, miliyan 280 ne. Farashin ya ninka sau huɗu cikin shekaru uku, rabi saboda tsibiran sun ƙara kuɗi, rabi saboda Naira ta faɗi. Ma'aikacin Jihar Kaduna da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 72,000 zai yi shekara 324 yana tarawa, ba ci ba sha, kafin ya haɗa wannan adadi. Ga ɗan kasuwa kuwa, miliyan 280 jari ne da aka cire daga juyawa, kwantenonin kaya ne da ba za su iso rumfa ba.

Wani bambanci da dillalai ba su cika tsayawa a kansa ba ya shafi 'yan kasuwar Arewa kai tsaye. Grenada da Dominika da Antigua suna da yarjejeniyar shiga China ba tare da biza ba. Saint Kitts da Saint Lucia ba su da ita, domin su da Taiwan suke hulɗar diflomasiyya, ba da Beijing ba. Wanda Guangzhou ko Yiwu ce kasuwarsa, idan ya sayi fasfo mafi tsada a cikin biyar ɗin, zai tarar bai rage masa ko taku ɗaya ba a hanyar da ya fi bi. Amurka kuwa, babu ko ɗaya daga cikin fasfunan biyar da ya taɓa shigar da mutum cikinta ba tare da biza ba. Grenada tana da wata yarjejeniya da ke ba 'yan ƙasarta damar neman bizar masu zuba jari ta E-2, kuma an daɗe ana tallata fasfonta da ita, amma tun Disamban 2022 dokar Amurka ta ce wanda ya sami zama ɗan ƙasa ta hanyar kuɗi sai ya zauna a ƙasar shekara uku a jere kafin ya nema.

Me ya sa ƙasa za ta sayar da sunanta? Amsar tana cikin ƙanƙantar waɗannan wurare. Jimillar mutanen ƙasashen biyar ba ta kai 600,000 ba. Ƙaramar Hukumar Kaduna ta Arewa kaɗai, a ƙidayar 2006, tana da mutum sama da 350,000, fiye da Saint Lucia da Dominika da Saint Kitts idan an haɗa su. Tattalin arzikinsu an gina shi ne a kan rake da ayaba tun zamanin bauta da mulkin mallaka. Saint Kitts ta rufe masana'antar sukarinta a 2005 bayan shekaru ana tafka asara. Ayabar Dominika da Saint Lucia ta rasa gatan da take da shi a kasuwar Turai bayan ƙarar da Amurka da ƙasashen Latin Amurka suka kai gaban Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a shekarun 1990. Mutanen Kaduna sun san irin wannan labari, don sun ga yadda masaƙun Kakuri suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya. Bambancin shi ne tsibiran ba su da man fetur da za a raba kuɗinsa a ƙarshen wata. Abin da ya rage musu shi ne masu yawon buɗe ido, sai kuma fasfo. A wasu shekarun baya-bayan nan kuɗin fasfo ya kai kusan kashi ɗaya cikin uku na dukan arzikin da Dominika ke samarwa a shekara, kuma da shi take gina gidaje masu jure guguwa da sabon filin jirgin sama na ƙasa da ƙasa a Wesley. Gwamnatin da ta dogara da kuɗi haka ba za ta so ta yawaita mayar da masu saye ba, kuma wannan ne ainihin abin da Turai da Amurka suke tsoro.

Ƙofofin sun daɗe da fara rufewa. Kanada ta sa wa 'yan Saint Kitts biza a watan Nuwamban 2014, ta sa wa 'yan Antigua a 2017. Birtaniya ta sa wa Dominika a ranar 19 ga Yulin 2023, ta kuma faɗi ƙarara cewa saboda yadda ake wasa da tsarin sayar da fasfo ne. Dubban mutanen da suka biya don Landan sun rasa Landan a rana guda, kuma ba wanda aka mayar wa ko sisi. A watan Oktoban wannan shekarar Hukumar Tarayyar Turai ta fitar da rahoto cewa ƙasashen biyar sun sayar da fasfo kimanin 88,000, Saint Kitts sama da 36,000, Dominika sama da 34,000. Ga ƙasar da mazaunanta suke wajen 50,000 kamar Saint Kitts, wannan na nufin 'yan ƙasa na takarda sun kusa kamo na haihuwa. Turai ta riga ta nuna za ta iya aikata abin da take faɗa, domin ta janye wa Vanuatu, wata ƙasar tsibirai a tekun Pasifik, gatan shiga ba biza saboda wannan dalili. A ranar 29 ga Afrilun 2025 babbar kotun Tarayyar ta yanke hukuncin cewa tsarin sayar da zama ɗan ƙasa na Malta, wadda mamba ce, ya saɓa wa doka. A cikin 2025 ɗin kuma aka gyara dokar Tarayyar, ta yadda gudanar da irin wannan tsari kaɗai ya isa dalilin dakatar da gatan shiga ba biza. Wanda ya hana ɗan gida sana'a, da wuya ya bar baƙo ya ci gaba da ita.

Gaskiya ne sanarwar Trump ta bar kafa ga mai ƙasa biyu da ke tafiya da fasfon ƙasar da ba ta cikin jerin, saboda haka mai fasfon Grenada ko Saint Kitts ko Saint Lucia yana iya neman biza. Amma nema ba samu ba ne. Tun 2014, lokacin da Saint Kitts ta janye fasfunan da ta buga babu wurin haihuwa a cikinsu, wannan layi ya zama dole. Jami'in da ya buɗe shafin farko zai ga an rubuta Kaduna ko Zariya ko Funtuwa, kuma ya san mai fasfon bai yi makarantar firamare a Basseterre ba.

Su ma tsibiran sun shiga gyara don kada a rufe musu kasuwa gaba ɗaya. Tun 2023 suka wajabta yi wa mai nema tambayoyi baki da baki, suka daina karɓar 'yan Rasha da Belarus. A watan Satumban 2025 suka rattaba hannu a kan kafa hukuma guda da za ta sa ido a kan tsarin a dukan ƙasashen biyar, tare da sharaɗin cewa sabon ɗan ƙasa ya yi aƙalla kwana 30 a ƙasar cikin shekaru biyar na farko. Akwai kuma haɗarin rangwame. Dillalin da ya ce zai samo fasfo a ƙasa da farashin gwamnati yana sayar da abin da za a iya ƙwacewa ne, domin Saint Kitts da Dominika duk sun soke zama ɗan ƙasa na wasu da aka gano ba su biya cikakken kuɗi ba ko sun ɓoye gaskiya a takardunsu. Araha ba ta ado.

Ga ma'aikacin gwamnati lamarin yana da wata fuska. Sashe na 28 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 bai hana ɗan Najeriya na haihuwa riƙe wata ƙasa ba. Amma duk mai riƙe da muƙamin gwamnati wajibi ne ya bayyana kadarorinsa ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, kuma hannun jari a otal ɗin da ke bakin teku a Grenada kadara ce. Daraktan da albashinsa sananne ne, idan aka gan shi da takardar da ta ci miliyan 280, tambayar farko ba ta fasfo ba ce. Wannan zargi shi ne ya ɓata wa 'yan kasuwa masu halal suna. Binciken da tashar Al Jazeera ta watsa a 2019 ya ruwaito cewa an bai wa tsohuwar Ministar Man Fetur Diezani Alison-Madueke fasfon diflomasiyya na Dominika a 2015, shekarar da aka kama ta a Landan. Ta musanta tuhumar cin hanci da aka yi mata, kuma fasfon diflomasiyya dabam yake da wanda ake saya da gudummawa, amma a idon jami'an Turai duk labari ɗaya ne: ɗan Najeriya, kuɗi, da fasfon tsibiri.

Zaman tsibiri na gaskiya

Tunda sabuwar ƙa'ida za ta tilasta wa masu saye su je su kwana, ya dace a san wurin da kansa. Kyaunsa ba ƙarya ba ne. Dominika ba ta wuce murabba'in kilomita 750 ba, amma duwatsunta sun haura mita 1,400, kuma ruwan saman da ke sauka a tsakiyarta yana wuce milimita 7,000 a shekara, alhali Kaduna tana samun kimanin 1,200. Akwai tafkin da ruwansa ke tafasa saboda wutar da ke ƙarƙashin dutse. A Saint Lucia tagwayen duwatsun Pitons sun miƙe daga cikin teku, kuma UNESCO ta sa su cikin kayan tarihin duniya a 2004. Babu hunturu, babu ƙura, babu zafin bazara irin na Afrilu. Ana Ingilishi a ko'ina, ko da yake mutanen Dominika da Saint Lucia suna da nasu harshen da ya samo asali daga Faransanci. Bahaushe zai ga abubuwan da ya sani a kasuwa: gwaza, rogo, kuɓewa, mangwaro, rake.

Tsadar rayuwa ce ke fara ba baƙo mamaki. Kuɗin yankin, dalar Gabashin Karebiyan, an ɗaure ta da dalar Amurka a kan 2.70 tun 1976, saboda haka duk wanda ke samun kuɗinsa da Naira, kowace faɗuwar Naira tana bin sa har can. Mafi yawan abincin da ake ci shigo da shi ake yi ta jirgin ruwa, kuma wutar lantarki da man dizal ake samar da yawancinta, abin da ya sa take cikin mafiya tsada a duniya. Kasuwa kuma ƙarama ce. Mai rumfa a Kasuwar Gumi da ya saba da masu saye daga Birnin Gwari da Saminaka da Kafanchan, zai tarar dukan ƙasar Dominika ba ta kai wasu unguwannin Kaduna yawan jama'a ba. Musulmi tsiraru ne ƙwarai a waɗannan tsibirai biyar, ba kamar Trinidad ba inda suke da masallatai da makarantu da yawa. Naman yanka sai an nema, kuma sai an yi tambaya kafin a ci abincin gargajiya, domin naman alade mai gishiri yana shiga tukwane da dama.

Sai guguwa. Daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba kowace shekara mutanen yankin kunnensu yana kan rediyo. A daren 18 ga Satumban 2017 guguwar Maria ta ratsa Dominika, ta yi ɓarnar da aka ƙiyasta ta kai kashi 226 cikin 100 na arzikin ƙasar na shekara. Har rufin gidan Firayim Minista Roosevelt Skerrit ta kwashe. Makonni biyu kafin nan guguwar Irma ta sa an kwashe dukan mazauna tsibirin Barbuda. A 1 ga Yulin 2024 Beryl ta daidaita Carriacou a ƙasar Grenada, sannan a ƙarshen Oktoban 2025 Melissa ta afka wa Jamaika da mafi girman ƙarfi. Wannan kore shar da ke cikin hoton talla, ruwan da ya shuka shi shi ne ke zuwa da iskar da ke tuge shi. Iyayen da ke tura 'ya'yansu karatun likita a makarantun kuɗi na yankin su ma ya kamata su sa wannan a lissafi: bayan Maria, babbar makarantar likitanci ta Ross ta tattara ta bar Dominika ta koma Barbados. Kuma duk wanda ya gama a can, sai ya ci jarrabawar Hukumar Likitoci ta Najeriya kafin ya taɓa majinyaci a Asibitin Barau Dikko.

Mafi ɗacin labarin masu ɗaukar tsibiri a matsayin tsani ya faru ne a Antigua. A watan Nuwamban 2022 wani sabon kamfani mai suna Antigua Airways ya fara jigilar fasinjoji daga Legas, aka yi ta murnar an haɗa Afirka da 'ya'yanta. Ɗaruruwan da suka sauka, yawancinsu 'yan Kamaru masu gudun rikicin yankin Ingilishi, ba su koma ba, domin Amurka suka nufa. Jiragen suka daina zuwa, mutane suka maƙale ba aiki ba kuɗi. A ranar 28 ga Maris 2023 wani kwalekwale da ya ɗauko wasu daga cikinsu ya kife kusa da Saint Kitts. An tsamo gawa uku, fiye da mutum goma ba a sake ganinsu ba.

Akwai hanyar zama a Karebiyan da ba ta bukatar miliyan 280, kuma ta ma'aikata ce. Shirin Technical Aid Corps, wanda gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta kafa a 1987 lokacin Farfesa Bolaji Akinyemi yana Ministan Harkokin Waje, yana tura malamai da likitoci da ma'aikatan jinya zuwa ƙasashen Afirka da Karebiyan da Pasifik na tsawon shekara biyu, Najeriya ce ke biyan alawus ɗinsu. Jamaika da Belize sun daɗe suna karɓa. Lokacin da Shugaba Bola Tinubu ya sauka a Saint Lucia ranar 28 ga Yunin 2025, ziyarar da 'yan adawa irin su Peter Obi suka kira yawon shaƙatawa a lokacin da ƙasa ke cikin makoki, abin da aka dawo da shi a rubuce shi ne yarjejeniyar tura irin waɗannan ƙwararru, wadda shugaban hukumar, Yusuf Buba Yakub, ya sa wa hannu. Ma'aikaciyar jinya daga Tudun Wada ko malamin lissafi daga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da ya samu gurbi zai san tsibirin fiye da attajirin da ke riƙe da fasfonsa. Tambayar da ta dace a yi a nan ita ce ta gida: jihar da asibitocinta na karkara ke kukan rashin ma'aikata, nawa za ta iya bayarwa aro?

Ba yau aka fara wannan musaya ba, kuma a da daga can ake zuwa nan. Sir Darnley Alexander, haifaffen Castries a Saint Lucia, ya zo Najeriya aikin shari'a a 1957, kuma gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta naɗa shi Alƙalin Alƙalan Najeriya a 1975, ya riƙe har 1979. Kafin shi da nisa akwai waɗanda aka kai can a ɗaure. Masaniyar harsuna Maureen Warner-Lewis, a littafinta na 1991, ta rubuta yadda ta tarar da jikokin Hausawa a ƙauyukan Trinidad suna riƙe da guntayen kalmomi da waƙoƙin kakanninsu. Abin tunani ne a ce wuraren da aka kai Bahaushe ba da son ransa ba, aka sayar da shi da kuɗi, yau jikan ɗan uwansa ne ke biyan kuɗi don a rubuta shi ɗan can.

Ciniki shi ne ɓangaren da ba a taɓa ba tukuna, kuma shi ya fi dacewa da masu rumfa. Bankin Afreximbank ya fara taron kasuwancin Afirka da Karebiyan a Barbados a 2022, ya buɗe ofishi a can a 2023, kuma taron 2025 a Grenada aka yi shi. Abin shan Kirsimeti a Jamaika da Trinidad da sauran tsibiran ba wani abu ba ne illa zoɓo da citta. Zoɓon Jigawa da Kano da Katsina ya daɗe yana tsallaka Tekun Atlantika zuwa Meziko, inda ake kiran furen da sunan Jamaika, cittar Kachia da Jaba da Kagarko kuma ta yi suna a kasuwar duniya tun kafin annobar 2023 ta cinye gonaki. Kasuwar tsibiran ba za ta maye gurbin Meziko ko Indiya ba, amma masu saye ne da suka san kayan, kuma da dala suke biya.

Abin da ke tare hanya shi ne hanyar kanta. Kamfanin Air Peace ya kai jirgi daga Legas zuwa Montego Bay a Jamaika a Disamban 2020, ya kai wani daga Abuja zuwa Saint Kitts a Yunin 2025, tafiyar da ba ta wuce awa goma da 'yan kai ba. Waɗannan jirage ne na musamman, kuma hanyar da matafiya suka saba bi ita ce ta Landan ko ta Amurka. A jawabinsa gaban majalisar dokokin Saint Lucia, Tinubu ya yi tayin ɗage biza ga masu fasfon diflomasiyya da na aikin gwamnati daga ƙasashen Gabashin Karebiyan. Mai buhunan zoɓo ba ya cikin wannan rukuni. Idan yana so ya je Bridgetown ya ga mai saye ido da ido, Barbados ba za ta tambaye shi biza ba, amma Birtaniya za ta tambaye shi ta wucewa ko da ba zai fita daga filin jirgi ba, kuma a Abuja zai bi layin nemanta.